Majigi Kaɗai Ba Ya Koyar da Babban Aji

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar an kafa majigi da lasifika a babban ɗakin lacca, an magance matsalar yawan ɗalibai. Ba haka ba ne. Majigi sauri kawai yake ƙara wa malami, ɗaliban da ke zaune a baya kuwa sai kwafa babu fahimta.

Dabarar da Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya fara a farkon shekarun 1990 ta fi amfani. Bayan minti 15 na bayani, a haska tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, kowa ya amsa ta waya ko kati mai launi. Idan kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na ɗaliban suka amsa daidai, su tattauna da na kusa minti biyu, su sake amsawa. In ba su kai 30 ba, malami ya sake bayani, domin tattaunawa a nan kuskure take yaɗawa.