Jinginar gida da gona: wa ke da dukiyar, kuma yaushe ake iya sayar da ita?

Daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda da Talata Mafara, da wuya ka sami unguwar da babu gida ko gonar da ke jingine. Wani kuɗin taki ne ya kai shi, wani asibiti, wasu kuma, Allah ya kawo mana sauƙi, kuɗin fansar ɗan'uwa ne. Mai cikin matsi ba ya tsayawa karanta sharaɗi, shi ya sa waɗannan tambayoyi ba sa tasowa sai bayan an riga an sa hannu.

Idan na jinginar da gidana, ya fita daga hannuna ke nan?

A'a. Jingina ba ciniki ba ce, madogara ce ga mai bin bashi. Manzon Allah (SAW) da kansa ya jinginar da sulkensa wurin wani Bayahude ya karɓi sha'ir, kuma aya ta 283 a Suratul Baƙara ta ambaci jingina. A banki, kana zaune a gidanka, su kuma suna riƙe da takardunsa. Ko da an rubuta cewa haƙƙin ya koma hannunsu, da sharaɗi ne: ranar da ka gama biya, dole su mayar maka. Abin da ka rasa na ɗan lokaci shi ne ikon sayarwa ko kyautarwa ba da yardarsu ba.

Na ba maƙwabcina rance ya jinginar mini da gonarsa. Zan iya nomata har ya biya?

Wannan ita ce jinginar da ta fi yawa a karkara, kuma ita ce ta fi cin mutane. A ce Malam ya karɓi naira dubu 400, ya miƙa gonarsa ta shinkafa a yankin Bakolori. Wanda ya ba da kuɗin ya noma rani, ya noma damina, shekara biyar yana kwashe buhuna, bashin kuwa yana nan ko kwabo bai ragu ba. Malam ba shi da gonar da zai noma ya biya, wani lokaci ma a cikinta yake ƙwadago ana biyansa kuɗin yini.

A mazhabar Malikiyya, amfanin abin da aka jinginar na mai shi ne. Rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne, ko da ba a kira shi kuɗin ruwa ba. Malamai sun yi rangwame ne kawai idan bashin na ciniki ne, aka shardanta amfanin tun wurin ƙulla cinikin, aka kuma yanka masa wa'adi. Kuɗin da aka ƙirga aka miƙa rance ba su shiga nan ba. Ni dai ban ga yadda za a kira wannan taimako ba. Kafin ka sa garma a gonar wani da sunan jingina, ka je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Haka maganar nan ta "in ba ka biya ba ranar kaza, gona ta zama tawa". Hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya hana jingina ta nutse ta wannan hanya. Sharaɗin ɓatacce ne. Idan biya ya gagara, sai a sayar, a cire bashi, a ba mai gona ragowar kuɗinsa.

Me ya kawo sa hannun gwamna cikin bashin banki?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Takardar da muke kira C of O shaidar izinin zama ce, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce ba a jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna, sashe na 21 kuma ya ce filin gargajiya na karkara sai da ta ƙaramar hukuma. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewar. Shi ya sa banki ke nacewa a kanta.

Na kasa biya. Banki zai zo ya garƙame gidan kawai?

Ya danganta da irin jinginar. Idan takardun gida kawai ka ajiye musu, ba su da ikon sayarwa sai kotu ta ba da umarni. Idan kuwa cikakkiyar yarjejeniya ce mai hatimi da rajista, suna iya sayarwa ba tare da zuwa kotu ba. Dokar Ingila ta 1881 da jihohin Arewa suka gada ta ba su wannan dama idan sun aiko takardar neman kuɗinsu wata uku ya wuce ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a kanka, ko ka saɓa wani sharaɗi. Sai dai yarjejeniya kan rage wannan wa'adi, kuma a cikin ƙananan rubutun da ba a karantawa ake rage shi.

Bayan gwanjo ana cire kuɗin ɗawainiya da bashi, abin da ya saura naka ne, ka neme shi. Idan kuɗin bai kai ba, ana bin ka cikon. Akwai kuma hanyar da kotu ke yanke haƙƙin fansa ta bar wa banki gidan ɗungurungum, amma ba a cika bin ta ba. Babbar illa ita ce a aiko takarda mutum ya cusa ta ƙarƙashin katifa don kunya. Muddin ba a ƙulla cinikin ba, ƙofar fansa a buɗe take, kuma kana iya neman a sake tsara biya, ko a bar ka ka samo mai saye da daraja.

Ban jinginar da komai ba, za a iya riƙe dukiyata saboda bashi?

Ana iyawa. Bakanike na da ikon riƙe motarka har ka biya kuɗin gyara, amma riƙewa ce kawai, ba sayarwa ba. Wanda kuma ya yi nasara a kanka a kotu zai iya neman a kama kadararka. Da kayan ɗauka ake farawa, sai ba su isa ba a kai ga gida.

Mahaifinmu ya rasu gidansa na jingine. Mu raba?

Bashi na gaba da rabon gado, kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana. Magada su haɗa kuɗi su fanso, ko a sayar a biya a raba saura. Mai riƙe da jinginar shi ke gaba da sauran masu bin bashi a kan wannan gidan.

Zan sayi gida a Gusau. Yaya zan gane ba jinginanne ba ne?

Ka ce a nuna maka takarda ta asali. Mai miƙo maka kwafi yana cewa ta asalin na wurin yayansa a Kaduna, ƙila tana cikin ma'ajiyar banki. Ka sa lauya ya bincika rajistar filaye a ofishin ZAGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar Zamfara, don jinginar da aka yi wa rajista tana bin gidan ko hannun wa ya koma. Ta gargajiya kuwa ba ta bayyana a kowace rajista, sai ka tambayi mai unguwa da maƙwabtan iyaka kafin ka ba da ko kafin alƙalami.