Mitar da ke kai rahoto da kanta: tambayoyi kan karanta mitar wuta daga nesa

Ta yaya kamfani zai san wutar da na sha alhali babu wanda ya zo gidana?

Tsohuwar mita faifai ne da ke juyawa a bayan gilashi, sai ma'aikaci ya zo ya kwafe lambobin da hannu. Ita kuwa sabuwar, akwai 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinta. Tana ƙirga yunit, ta ajiye lissafin bayan kowane minti 15 ko 30, sannan ta tura wa kamfani.

Ta wace hanya take turawa?

Nan ne abin ya fi burge ni. Wasu mitocin ta cikin wayar wutar da ta shigo gidanka suke magana. Ana ɗora sigina a kan wayar, ta bi ta har taransfoma, inda wani akwati ke tattara rahoton gidajen unguwar ya miƙa gaba. Da wannan dabarar kamfanin Enel ya fara aiki a Italiya a 2001, ya sanya mitoci kusan miliyan 30. Mitar Linky da Faransa ta fara bazawa a 2015 ma haka take aiki.

Wasu kuma rediyo suke amfani da shi: mitarka ta miƙa wa ta maƙwabci, ita ma ta miƙa wa ta gaba, har saƙon ya isa. In guda ta lalace, sai saƙon ya sauya hanya. Akwai kuma masu katin sim a ciki, kamar wayar hannu.

Sai na haɗa ta da intanet ɗin gidana?

A'a. Hanyarta daban ce, kuma kamfani ne ke kula da ita.

Ba ita ce mitar kati ba?

Ba lallai ba. Mitar da ake danna wa lambobi 20 bayan an sayi yunit tana iya aiki ba tare da ta taɓa magana da kowa ba. Sai wadda ke aikawa da karɓar saƙo ce ake iya lura da ita daga nesa.

Mene ne ribar mai gida?

Babbar riba ita ce a daina yi maka ƙiyasi. Duk wanda aka taɓa kawo wa takardar kuɗin wuta na watan da bai ma kwana a gida ba ya san zafin abin. Sannan idan kana ganin lissafinka dalla-dalla, za ka gane da idonka yadda yake tashi lokacin da aka kunna dutsen guga ko hita, ka kuma kama tsohon firjin da ke shan wuta dare da rana.

Mitoci da yawa kuma suna da ɗan cajin da suke ajiyewa. Da zarar an ɗauke wuta, sai su aika saƙo na ƙarshe kafin su mutu, kamfani ya san inda matsalar take tun kafin a kira shi. Haka nan in an buɗe murfinta ko an kusanto da maganaɗisu, tana kai ƙara. Ana kuma kwatanta wutar da ta fita daga taransfoma da jimillar ta gidaje, giɓin da ya rage ya nuna inda ake sata ko asara.

To, ba leƙen asirin gidana ake yi ba?

Wannan tambayar tana da nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Mita ba ta ji, ba ta gani. Amma lissafin rabin awa yana nuna lokacin da kuke tashi, lokacin da kuke kwanciya, da makon da gidan ya zama babu kowa. Saboda irin wannan damuwar majalisar dattawan Holan ta ƙi amincewa a tilasta wa jama'a karɓar mitar a 2009. A ganina, haƙƙinka ne ka tambayi wa ke ganin bayananka, tsawon wane lokaci ake ajiye su, kuma ko a kulle suke tafiya. Ka kuma tambayi ƙa'idar yanke wuta, domin yawancin mitocin nan ana iya kashe su daga ofis, bai kamata a yi hakan ba tare da gargaɗi ba.

Idan sadarwa ta katse fa?

Wutarka ba za ta ɗauke ba. Mitar za ta ci gaba da ƙirga tana ajiyewa, idan hanya ta dawo ta tura duk abin da ya taru.