Ba kowane ciwon dubura ne basir ba

Kusan kullum sai an shigo ɗakin asibitin da nake aiki a nan Daura an zauna a gefe guda na kujera, kamar wanda ya hau ƙaya. In na tambayi mutum me ke damunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Basir ne, malam." Tun yaushe? Tun damina. Me ka sha? Sai ya zaro gora daga aljihu, ruwa baƙi ƙirin da sassaƙe a ciki, wadda ya saya wurin masu mota da lasifika ranar kasuwa.

Jama'a, don Allah ku rabu da gorar nan.

Da yawanku ba basir ke damunku ba, tsagewa ce a bakin dubura. Alamarta ba ta ɓuya: wurin bayan gida kamar ana yanka ka da reza, ka fito raɗaɗi ya bi ka awa ɗaya ko biyu, ka ga ɗan jini ja lokacin tsarki. Taurin bayan gida ne ya fi jawo ta, mata kuma sau da yawa bayan haihuwa. In ta wuce sati 6 zuwa 8 ta zama tsohuwa, naman da ke tsuke wurin ya ɗaure, jini ba ya isa yadda zai warkar. Jiƙon da ke sa ka zawo ba ya kwance wannan, zawon ma ƙara tsaga wurin yake. Wani ya haɗa da tramadol don zafi, shi kuwa tramadol ƙara busar da bayan gida yake. An gudu ba a tsira ba.

Na san kunya ce ke kai ku wurin mai lasifika, shi ba ya cewa ka kwanta ya duba. To ai shi ya sa bai san abin da yake ba ka magani a kai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke ma 'yar'uwa, kina da damar cewa mace kike so ta duba ki.

Yawanci ba da wuƙa ake farawa ba. Ruwa da yawa, musamman da bazara. Zogale, rama, wake, kuɓewa, gwanda, kankana. Zama a ruwan ɗumi cikin baho minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Kada ka riƙe bayan gida don tsoron zafi, kada ka daɗe kana yunƙuri. Akwai man shafawa da likita ke rubutawa, irin GTN, na sati 6 zuwa 8. Yana iya sa ciwon kai, ka dawo ka faɗa mana, ba ka jefar ka koma wa gora ba.

In duk wannan bai yi ba sai ƙaramar tiyata, kuma nan ne mutane ke ɓacewa. Wani dattijo da aka sa wa rana ya riƙe hannuna, tafinsa sharkaf da gumi, ya ce, "Ɗana, an ce in an taɓa wurin mutum ba ya ƙara riƙe bayan gida." Na ce, "Baba, ɗan sassauta naman za a yi, ba cire shi ba." Aikin bai cika kai awa ɗaya ba, ana kashe zafi da allura ko a sa ka barci, da yawa a ranar ko washegari suke komawa gida, kuma fiye da 9 cikin 10 suna warkewa. Ba zan ɓoye muku ba, wasu kaɗan sukan sha wuyar riƙe iska, yawanci na ɗan lokaci. Shi ya sa macen da ta taɓa shan wuyar haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin ranar. Maganar raunin mazakuta kuwa zancen kasuwa ne.

Fargaba ba laifi ba ce. Ka jero tambayoyinka ka yi wa likita, ka zo da wanda ka yarda da shi. In gabanka ya tsananta faɗuwa, ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali, kana addu'arka. In an ce ka bar cin abinci awa 6 kafin aiki, to har fura.

Wanda kuma jinin da yake gani wurin bayan gida ya yi duhu, ko yana ramewa ba dalili, kada ya jira ko kwana biyu, wannan wani bincike ne daban. Kuma ranar da za ka zo, ka taho da gorar. Mai ba da maganin barci yana bukatar sanin abin da ka sha.