Mene ne "neck dive" a jitar bes, kuma me ya sa ake canza makullan saiti don maganinsa?

Ka rataya jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, a kafaɗa, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka duka biyu. In ta tsaya yadda ka bar ta, to madalla. In kuwa kanta ya fara sunkuyawa a hankali har ya nufi ƙasa, shi ne abin da makaɗa ke kira "neck dive" da Turanci. Da Hausa sai mu ce rinjayen wuya, kamar yadda ake cewa kaya ya rinjaya in ɓari ɗaya na mangalar jaki ya fi ɗaya nauyi.

Mai kallo zai ɗauka ƙaramin abu ne. Mai kaɗawa kuwa ya san cewa hannun hagu, wanda aikinsa danna tsirkiya ne, ya koma ɗan dako, yana tallafe da wuyan jita yana kuma neman sauti. Bayan awa biyu a dandali ko a majami'a, wuyan hannu ya yi tsami, kafaɗa ta ƙage, maratayi kuma ya janyo rigar mutum gaba har ta shaƙe shi ta baya.

Laifin na tsayin wuya ne da farko. Tun da maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitar bes ta Precision Bass a Amurka a 1951, tsawon tsirkiyar bes da aka fi amfani da shi inci 34 ne, alhali na jitar yau da kullum bai kai inci 26 ba. A can ƙarshen wannan dogon wuya ne aka ɗora makullan saiti guda huɗu, wato waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta, kuma manya ne domin tsirkiyar bes kauri gare ta. Sai kuma inda maɓallin maratayi yake. A ƙirar Fender ƙahon sama na gangar jikin ya miƙe har wajen gaɓa ta 12 daga cikin gaɓoɓin wuya da ake danna tsirkiya a kansu, don haka maratayi yana riƙe jitar kusa da tsakiyar nauyinta. Jitar bes ta Gibson Thunderbird ta 1963 ba ta da wannan dogon ƙaho, shi ya sa duk inda ake hirar rinjayen wuya sai sunanta ya fito. Abin mamaki ma, jita mara nauyi ta fi fama da matsalar, saboda babu abin da zai danne ta ta baya.

Mai jaki hanya biyu gare shi: ko ya ƙara dutse a ɓarin da ya tashi sama, ko ya rage kaya a wanda ya nutse. Makaɗa ma haka. Wasu kan sa gada mai nauyi, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a gindin jitar, wasu har jakar ƙarafa suke ɗaurawa a ƙarshen maratayi. Yana aiki, amma kafaɗarka ce za ta biya. Ni dai na fi yarda da ragewa, kuma dalilin lissafi ne. Nauyi yana ƙara tasiri gwargwadon nisansa da inda aka rataye abu. Misali, giram 200 da ke nisan santimita 60 ta gaba sai an sa masa giram 400 a nisan santimita 30 ta baya kafin su yi kunnen doki.

Nan ne makullai marasa nauyi suka shigo. Tsohon samfurin makullin Fender, mai faffaɗan faranti a baya da ƙusoshi huɗu, yakan kai wajen giram 100. Waɗanda aka ƙera da alminiyam, irin su Hipshot Ultralite na Amurka da Gotoh Res-O-Lite na Japan, wasunsu kusan rabin haka suke. A jita mai tsirkiya huɗu ka sauke wajen giram 200 ke nan daga wurin da ya fi ko'ina tasiri. A mai tsirkiya biyar ribar ta fi haka.

Kafin ka biya kuɗi, cire makulli ɗaya ka ɗora a kan ƙaramin sikeli. Jitoci da yawa na zamani da ƙananan makullai suke zuwa, in ka canza su ba za ka ga wani bambanci ba. Sannan ka auna ramin da makullin ke shiga. Ramuka iri biyu aka fi samu: mai faɗin inci 11/16 irin na Fender, da mai inci 9/16, wajen milimita 14. Wanda ya sayo ba daidai ba, ko makulli ya yi ta rawa a rami, ko a koma faɗaɗa katako, kuma katakon da aka ci ba ya dawowa. Tsoffin ramukan ƙusa ma za su iya fitowa fili a baya, in kana cikin masu damuwa da kyan gani.

Akwai wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Nauyin kan jita yana shafar yadda wuya ke karkarwa. Bes da yawa suna da wurin da sauti ke mutuwa da wuri, galibi a siririyar tsirkiyar G tsakanin gaɓa ta 5 da ta 7. In ka rage nauyin kai, wannan mataccen wuri yana iya matsawa, wani lokaci ya yi sauƙi, wani lokaci ya fi fitowa. Sai ka saurara da kunnenka bayan canji.

Wani maƙerin jita, Ned Steinberger, shi yanke kan jitar ya yi gaba ɗaya a bes ɗinsa na farkon shekarun 1980, ya mayar da makullan gindin jita. Kai ba sai ka kai nan ba. In rinjayen kaɗan ne, fara gwada faffaɗan maratayin fata mai kaushin ciki, wanda ba ya zamewa a kan riga. Dukawanmu za su ɗinka maka shi.