Kafin ki zuba a bola: tambayoyi kan tsofaffin kayan gida da lambun tsakar gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda yake kaiwa a da. A lokacin ne na jera buhuna shida a jikin katangar gidanmu na zuba musu ƙasa. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya a kansu ta yi tambaya, kuma waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini.

Wai da gaske adana gwangwani da buhu yana rage kashe kuɗi, ko wahalar da kai ce kawai?

Yana ragewa, sai dai ba a rana ɗaya ake ganin amfanin ba. Kuɗin ganyen miya, soson wanke-wanke, mazubin gishiri, tsumman goge-goge, kowanne ƙanƙani ne, amma ki haɗa su wata guda ki gani.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata ba ta taɓa yar da gwangwanin madara ba. Da shi take awon man gyaɗa, idan ya tsufa a huda murfinsa a sa lagwani ya koma fitilar aci-bal-bal. Tuwon dare ya kwana ya zama ɗumame, ƙanzon tukunya a shanya shi a yi kwaɗo, dusa ta tafi wurin awaki. Tsohon zani ya zama majanyi, daga nan tsumma, daga nan cikon matashi. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigo da itace birni a kan jakuna su koma da sharar gidaje da toka a matsayin taki. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake mayar da tsohon ƙarfe murhu, kasko da ƙofa. Mu ne muka saki wannan hannun da roba ta yi araha.

Gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne. A ina zan yi shuka?

A buhu. Ki samu buhun shinkafa ko na masara da ya ƙare, ki naɗe bakinsa zuwa rabi, ki huhhuda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, idan ƙasar mai danƙo ce ki ƙara yashi kaɗan. Ki ɗora buhun a kan bulo ko duwatsu, kada ya zauna cikin ruwa.

Alayyahu ne na fi ba masu farawa shawara, domin cikin wata guda ake fara tsinka, kuma yana sake tofowa. Yakuwa, lalo, kuɓewa da attaruhu duk suna yi. Tumatir yana so a kafa masa sanda, kuma gindi ɗaya ko biyu sun ishi buhu guda. Ni da farko na cusa biyar saboda zari, suka yi tsayi sirara ba su ba ni abin kirki ba. Fasasshen bokiti da tsohon baho ma suna aiki, har sun fi buhu ƙarko, domin rana tana cin buhu ya fara yagewa bayan 'yan watanni. Ki zaɓi inda rana ke samu aƙalla rabin yini.

Ledar fiya-wata fa? Ta cika mana gida.

Ita ce mazubin rainon dashe mafi sauƙi. Ki yanke samanta, ki huda ƙasanta, ki cika da ƙasa ki saka iri biyu na zogale, gwanda ko tumatir. Bayan sati uku zuwa huɗu tumatir ya isa dashe, sai ki tsaga ledar ki ɗauke shi da ƙasarsa ba tare da an taɓa saiwar ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne hura wuta da ita, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara. Kada kuma a bar ta inda akuya za ta ci, domin tana cunkushe tumbi dabba ta yi ta ramewa har ta mutu.

Ruwan ma saya muke yi wurin 'yan garuwa. Ba asara ba ce a zuba wa shuka?

Da ruwan da kika riga kika yi amfani da shi za ki yi ban-ruwa. Ki ajiye baho a wurin alwala, ki tara ruwan wankin shinkafa, na ganye da na surfe. Gida mai mutum shida, ruwan alwalar salloli biyar kaɗai ya ishi buhuna da dama. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa kada ya je kan ganyen ci, yana ƙona saiwa, yana kuma lalata ƙasa a hankali.

Lokacin zafi ina amfani da gorar ruwa ta roba. Ina ɗora allura a wuta in huda murfin sau biyu, in yanke gindin gorar, in kifa ta a ƙasa kusa da shukar in cika ta da yamma. Ruwan yana ɗiga a hankali daidai saiwa, rana ba ta shanye shi. Tulun da ya tsage shi ma haka: a binne shi zuwa wuya, a cika, a rufe bakinsa, ya riƙa jiƙa ƙasar da ke kewaye da shi.

Toka da ɓawon kayan miya suna iya maye gurbin takin zamani?

A ƙaramin lambu, ƙwarai kuwa. Ki samu tsohon bokiti mai huji, ki riƙa zuba ɓawon albasa, na ayaba, na dankali, dakakken ɓawon ƙwai, busasshen ganye da kashin kaji ko na awaki. Ki yayyafa ruwa, ki juya sau ɗaya a sati. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari. Banda nama, mai da ragowar miya, su ke kiran ɓera da ƙuda. Ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona shuka, sai ya ruɓe tukuna.

Tokar itace tana taimaka wa tumatir da barkono wurin 'ya'ya, amma barbaɗawa ake yi, ba tulawa ba. Kada ki haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji lokaci guda, ƙarfin takin ne zai bi iska. Sauran tokar ki goge bayan tukunya da ita.

Wake yana yi mini ƙwari, tumatir yana ruɓewa ba wuta. Akwai dabara?

Jarkar man girki da ta ƙare ta wadatar. Ki wanke ta sosai ta bushe ƙarau, ki shanya waken shi ma ya bushe, ki cika ta har baki, ki sa leda a ƙarƙashin murfin ki ɗaure tam. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin da ƙwayayensu mutuwa suke yi, ba sai an sa magani ba. Sharaɗin kawai kada ki riƙa buɗewa, ki bar ta aƙalla wata biyu.

Na kayan miya kuwa, wani malami daga Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Yayin da ruwan ke bushewa yana janye zafin ciki. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Maigida ya ce na mayar masa da gida bola.

Yana da gaskiya idan tarawa kawai kike yi. Abin da ba ki san aikin da zai yi cikin wata guda ba, ki sayar wa 'yan gwangwan ko masu sayen kwalabe. Sauran ki kifa su, domin ko gwangwani ɗaya ya tara ruwan sama, cikin sati guda ko fiye kaɗan sauro ya ƙyanƙyashe a ciki.

Akwai abin da bai kamata a sake amfani da shi ba sam?

Akwai, kuma a nan ne nake roƙon a saurare ni. Mazubin maganin ƙwari ko na feshin ciyawa ba ya wankuwa, domin roba tana shan guba. Na taɓa ganin kunun zaƙi a cikin irin wannan gorar a hannun wani yaro a gona, har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. A ɗauraye ta sau uku a gonar, a huda ta yadda ba wanda zai ɗauka. Haka jarkar fetur, ta baƙin mai, bokitin fenti da tsohon batirin mota: kada su kusanci ruwan sha ko abinci, kada kuma a shuka ganyen ci a cikinsu.

Mu tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana dakawa, har da turmin da ake dakan hatsi, ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Idan za ki sayi jarka ko durom na hannu a kasuwa, ki tambayi mai sayarwa abin da aka zuba a ciki, ki buɗe ki sansana da kanki. In ya yi jim bai ba ki amsa ba, ki bar masa kayansa.