Hatsarin mota uku a hanyar Kumo: tambayoyi kan ɗaukaka ƙara

A ce tirela ta lalace da daddare a hanyar Gombe zuwa Kumo, ba fitila ba alama. Bas ta daki bayanta, ƙaramar mota kuma ta daki bas ɗin. An kai ƙarar neman diyya, Babbar Kotun Jiha ta yanke hukunci, wani bai gamsu ba.

Ina zai nufa, kuma yaushe?

Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Gombe. Doka ta ba shi wata 3 daga ranar hukuncin ƙarshe, ko kwana 14 idan hukuncin tsakiyar shari'a ne. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi.

Ba wanda ya daki baya ne mai laifi ba?

Haka ake cewa a tasha, amma kotu sakaci take dubawa. Tana iya raba laifin: kaso mafi tsoka ga mai tirela, saura ga direban bas da ya zuba gudu. Wanda ke da hannu a hatsarin ana rage masa diyya daidai laifinsa. Mai mota kuma yakan ɗauki alhakin direbansa idan a bakin aiki abin ya faru.

Za a sake kiran shaidu?

Da wuya ƙwarai, kuma nan ne nake tausaya wa mutanenmu. Alƙalan kundin shari'ar farko suke karantawa. Ba sa saurin rushe abin da alƙalin da ya ga shaidu ido da ido ya tabbatar, sai in ya saɓa wa hujjar da ke gabansa. Zanen wurin hatsari da 'yan sanda suka yi, hoton tabon birki a kwalta, rahoton likita, duk a kotun farko ake gabatar da su.

Ana ƙara kuɗin diyya?

Ana ƙarawa ko a rage idan alƙali ya bi ƙa'idar da ba daidai ba, ko kuɗin ya yi kaɗan ko yawa fiye da hankali. Amma kuɗin asibiti da na gyara sai an jera su ɗaya bayan ɗaya an tabbatar. Wanda ya biya bakanike hannu da hannu ba rasit, ya wahalar da lauyansa.

Ɗaukaka ƙara tana dakatar da biya?

A'a. Sai an nemi umarnin dakatarwa daban, kuma kotu kan ce a ajiye kuɗin a hannunta har a gama.