Taurarin nan ma ranaku ne

A Jos, idan sama ta washe da dare, har yanzu za ka ji ana cewa taurari ƙananan fitilu ne, ranarmu kaɗai ke da duniyoyi. Ba haka ba ne. Ranaku ne, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Tamu ma daga gajimaren gas da ƙura ta dunƙule, kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, ragowar ƙurar ta yi ta juyawa tana mannewa har ta zama duniyoyi.

A 1995 masana taurari Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya tana zagaya tauraro irin ranarmu. Yau an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu zagaya wasu taurari. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne masu duwatsu, inda ruwa zai iya kwanciya.